Gawon Kwarin Bayan Dutse

Da sanyin safiya ake ɗaure harawa, tun raɓa ba ta bushe ba. Wannan ne abu na farko da kakana Malam Inuwa yake gaya wa duk wanda ya ce yana son koyon sana'arsa. Idan ka bari rana ta ɗaga, ganyen wake zai bushe ƙamas, kana taɓa shi ya kakkaɓe ya bar ka da kara zalla, kuma ba wanda zai sayi kara ya kai wa sansa. Na sha ganin sa yana durƙushe a gona, ya naɗe yaɗon waken kamar tabarma, ya danne da gwiwa, ya zagaya igiya ya ja ta da haƙori. Babban ɗan yatsansa na dama ba ya lanƙwasuwa sosai, lauje ne ya taɓa yanka shi tun yana saurayi.

Mu a gida Malam kawai muke ce masa. A Kibiya muke zaune, amma bayan girbi ba ka samun sa a gari. Yana can Zinyau ko Rurum yana sayen harawa tun tana gona, ya yanke, ya ɗaure, ya ajiye sai rani ya tsananta. Yana kuma kiwon bijimai, kaɗan dai, ya ƙosar da su ya sayar. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa yin aikin a kan ƙasarsa ba. Wani fili aro ne, wani haya, kuma duk ranar da mai fili ya ce yana so, sai a kwance turke a nemi wani wuri.

Yayana Nazifi gyaran waya yake yi a Kano. Da ya dawo gida bara, ya zo da hotunan manyan gonakin kiwo na ƙasashen waje a wayarsa, yana nuna wa abokansa a ƙofar gida. Ya ce abin nan ba wuya: a sayi fili, a kewaye shi, a haƙa rijiyar burtsatse, a zuba shanu, su ci su sha su haihu. Malam yana zaune a kan buzu yana wasa laujensa a dutse. Bai ɗago ba ya ce:

"To, mai shanun waya, su waɗannan naka me suke ci a watan da ƙasa ta koma ja, ba ko tsinke?"

Yaya Nazifi ya ce ai ana sayen abinci. Malam ya ce a wurin wa? Ya ce a wurin masu harawa. Malam ya gwada kaifin laujen a farcensa, ya ce to ga mai harawa a zaune, bari ya gaya musu yadda take zuwa hannunsu. Ni ina daga cikin zaure ina tsince shinkafa, duk abin da ya faɗa ina ji.

Murza igiya ya fara koya, in ji shi, ba yanka ba. A Zinyau ya yi zaman koyo wurin wani Malam Ɗanjuma, wanda bai bar shi ya taɓa lauje ba har shekara ta zagayo. Kullum sai dai ya jiƙa ɓawon rama ya murza a cinya har gashin wurin ya ƙare. Idan ya kawo igiya, maigidan zai taka gefe ɗaya ya fizgi ɗayan. Ta tsinke, ya jefa masa ya murza wata. Bayan igiya sai hawan bishiya. Harawa ba a ajiye ta a ƙasa, gara za ta shiga ta daga ƙasa, awaki su ci ta daga gefe. A tsakanin rassa ake jera dammunan, a karkace, yadda ko yayyafi ya sauka zai zame. Mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa yana miƙa masa da sanda mai baki biyu. Kuma kafin a ɗaga kowane dami sai ka cusa hannu cikinsa har gwiwar hannu. Idan ka ji ɗumi, kwance shi ka shanya, ko da magariba ta kusa, don wannan damin zai ruɓe ya ruɓar da na kusa da shi.

Masu saye ma kala-kala ne. Matan da ke kiwon ragon layya yara suke aikowa, kuma kore shar suke so; idan damin ya ɗan yi ja daga waje za a dawo da shi, ko da cikinsa lafiya lau. Masu shanun huɗa ba ruwansu da launi, ɗagawa suke yi su ji nauyi, kuma ba sa zuwa sai bazara, lokacin da haƙarƙarin shanunsu ya fito kuma ruwa ya kusa sauka. Akwai masu amalanke, akwai masu jakai. Malam ya ce wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne wanda ya sayi sa jiya, bai taɓa kiwo ba, ya zo yana koya maka yadda harawa mai kyau take.

Abokan Yaya suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Sai Malam ya zo kan shekarar da ba ya son tunawa. An gama yanka, harawa tana shimfiɗe a gonaki tana shan iska, sai ruwan da kowa ya ɗauka ya ɗauke ya dawo, ya kwana yana zuba. Da aka juya ta, ƙasanta ya yi baƙi, tana wari. Abin da aka tsira da shi bai kai rabin rani ba. Damina kuma ta yi jinkiri. Bijimansa suka rame har ya zama da safe sai an kama wutsiya an ɗaga su kafin su iya tsayuwa. Ana cikin haka mai filin da yake aro ya ce zai yi gini. Malam ya sayar wa mahauta wasu bijiman a yadda suka ga dama, ya kora sauran ba tare da ya san inda za shi ba.

Wani Bafulatani abokinsa, Ja'e, shi ya ce ya biyo shi. Ya kai shi wani kwari a bayan Rurum, tsakanin duwatsu biyu, inda rafi yake bi ta tsakiya. Rafin ya bushe, amma idan ka tona yashin kamu ɗaya ko biyu sai ruwa ya taru. Kuma kwarin cike yake da gawo. Duk sauran itatuwa sun tsaya tsirara, shi gawo yana kore, don shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Ja'e ya hau da ɗan gatarinsa, ya sassaro ƙananan rassa daga baki-baki, sannan ya sa doguwar sanda mai ƙugiya ya girgiza, 'ya'yan gawo jajaye masu lanƙwasa suka zubo, shanu suka yi kansu.

"Kaɗo," in ji Ja'e daga sama, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, "kai ciyawar ƙasa ka sani. Akwai ta sama."

A wurinsa Malam ya koyi cewa ba a sare babban reshe, kuma bishiyar da aka sassabe bana sai a bar ta ta huta baɗi. Bijiman da ya kai kwarin ba wanda ya mutu. Tun daga lokacin ya sa wa ransa cewa idan Allah Ya nufe shi da mallakar ƙasa, wannan ce.

Ba a daɗe da wannan hirar ba labari ya zo cewa za a sayar da kwarin. Mai shi Alhaji Sabo ne, yana da motocin haya tsakanin Rano da Kano, gado ya ci, kuma yana son ƙara mota. Malam ya sayar da bijimansa duka ban da biyu na amalanke. Yaya Nazifi ya kawo abin da ya tara a gyaran waya ya haɗa, ya ce shi ma da shi za a yi.

Ranar zagaya iyaka Asabar ce, ba makaranta, sai aka ce in riƙo goro da ruwa. Mai unguwa yana gaba, shaidu suna bin sa, ana tafiya daga kututturen gamba zuwa wani, har gindin dutse inda birai suka zauna suna kallon mu. Malam yana baya. Yakan tsaya ya ɗebi ƙasa ya murza, ya tona da dunduniya. Na lura ya daɗe a gindin wasu gawo biyu na can ƙarshen rafi, ya zagaya su, ya dawo bai ce komai ba. Da aka koma inda aka fara, Alhaji Sabo ya miƙo hannu a yi sallama. Malam bai miƙa nasa ba.

"Alhaji, ƙasa mun gani. Itatuwan fa?"

Alhaji Sabo ya yi dariya ya ce ai ga su nan a tsaye, ba inda za su. Malam ya ce ba tafiyarsu yake tsoro ba, mai su yake tambaya. Sai mai unguwa ya gyara murya ya ce gaskiya Malam ya yi tambaya. Lokacin da aka raba gadon kakan Alhaji, ƙasa ta faɗa wa mahaifinsa, amma gawon kwarin duka, da ɗorawa guda biyu, an ba ƙanwar mahaifin, Gwaggo Tabawa, wadda take aure a Durba. Tana nan da ranta. A wajenmu haka abin yake: ana iya sayen gona, itacen cikinta na wani, sai fa idan an ambace shi a bakin ciniki.

Alhaji Sabo ya ce shi abin da yake nasa yake sayarwa. Akwai wani mutumin Kano da yake son wurin don gidan kaji, ko kallon bishiya bai yi ba. Saboda girman Malam zai jira zuwa ƙarshen wata, bayan nan kuma kada a ga laifinsa.

A hanyar dawowa Yaya Nazifi ya yi ta magana. A biya kuɗin ƙasa tukuna, maganar tsohuwa a yi ta daga baya. Wa zai zo ya ƙirga 'ya'yan gawo a bayan dutse? Malam ya bar shi ya gama, sannan ya ce idan bishiyar ba taka ba ce, ba ka da ikon ɗora dami a kanta, ba ka da ikon taɓa reshenta, kuma ranar da mai ita ko magajinta ya sayar wa masu gawayi, kana tsaye a cikin gonarka za a kayar da ita. Ya ce ya gaji da kwance turke. Kwarin nan ba gawo, fili ne kamar kowane fili, kuma bai sayar da shanunsa don ya sayi fili kawai ba.

Zuwa Durba da ni aka yi, don a samu mai shiga cikin gida ta yi sallama. Malam ya ce, "Taso, amarya, yau ke ce jakadiyata." Na sami Gwaggo Tabawa a tsakar gida tana ba wasu awaki biyu dusa a tsohon kwano. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, idonta ɗaya ya yi fari. Na gaishe ta, muryata ba ta fita sosai, ta ce in ɗaga murya ita ba mayya ba ce. Ta fito zaure da sandarta, aka gaisa, Malam ya ajiye goro ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ta ce ba ta sayarwa. Gawo ba a shuka shi, in ji ta, a kashin shanu yake tsirowa, sai manomi ya gan shi ya kauce masa da fartanya shekara da shekaru har ya fi ƙarfin akuya. Babanta ne ya kauce wa waɗannan, tana biye da shi tana zuba iri. Su kaɗai ne abin da ta samu daga gidansu. Sannan ta dubi hannun Malam ta ce:

"Kai ma ai mai gatari ne. Na san irinku. Ku hau bishiya ku bar ta kamar an yi mata aski."

Malam ya ce gaskiya ne yana da gatari. Bai yi musu ba, bai ƙara kuɗi ba. Muka tashi.

Ya koma, ya sake komawa. Wani zuwan ya kai wa awakinta damin harawar gyaɗa, ta karɓa ta ce awaki sun gode, amma gawo yana nan inda yake. Wata yana ta tafiya. An ce an ga motar mutumin Kano a Rurum. Yaya Nazifi ya daina cin abinci tare da Malam, ya ce zai karɓi kuɗinsa ya koma gyaran waya. Malam ya ce kuɗinsa na nan a ɗaure yadda ya kawo su, ya ɗan ƙara haƙuri.

A zuwan ƙarshe bai yi maganar ciniki ba. Ya tambaye ta yaushe rabonta da kwarin. Ta ce tun ƙafarta tana kai ta kasuwa. Jikoki take aikawa su kwaso mata 'ya'yan, su ma bana ba su je ba. Malam ya ce abu ɗaya yake roƙo, ta zo ta ga kayanta da idonta. Idan ta gani ta ce a'a, ba zai sake taka zaurenta da wannan maganar ba.

Ta yarda. A-daidaita-sahu ya kai ta inda hanya ta ƙare. Daga nan aka shimfiɗa mata tabarma a amalanken Malam, Yaya Nazifi yana jan shanun fuska a ɗaure. An kira mai unguwa, Alhaji Sabo ma ya zo don kunyar gwaggonsa. Tana shiga kwarin ta fara nuna su da sanda. Wancan a gindinsa suke cin ɗumame. Wancan kuma zuma ta taɓa zama a kogonsa. Har muka isa biyun nan na ƙarshen rafi.

An tara kara da busasshen kashin shanu a gindinsu an cinna wuta. Ɓawon ya ƙone ya yi baƙi, na ɗaya ya kusa zagayewa, na biyun gefe guda. Haka masu gawayi suke yi wa bishiyar da ba mai tsaron ta: ba sa sare ta tana ɗanya a kama su, sai su ƙona gindin su tafi, idan ta bushe su dawo su ce ai matacciya suka tarar.

Ta ce a sauke ta. Ta dafa wurin ƙunar, ta duba tafin hannunta.

"Ka san da wannan tun ranar farko?"

Malam ya ce ya sani.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da na faɗa a zaurenki, Gwaggo, cewa za ki yi dabarar mai saye ce."

Ta ce haka ne, da ta ce. Ta juya ta yi wa Alhaji Sabo faɗa sosai, ta ce yana Kano yana ƙirga tayoyi ana ƙona kakansa a daji. Ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri. Sannan ta zauna a bakin amalanken ta daɗe tana kallon sauran bishiyoyin. Ta ce itace yana son mai kwana kusa da shi, ita kuwa ba za ta iya ba. Za ta sayar. Amma a gaban mai unguwa za a faɗa: kowace shekara buhun farko na 'ya'yan gawo na awakinta ne, kuma gatari ba zai taɓa gangar jikin ko ɗaya ba, tana raye ko ba ta raye.

Malam ya ce ya ɗauki alkawarin muddin yana numfashi. "Amma shekaruna ba su da nisa da naki, Gwaggo. Maganar bayanmu, ga wanda za ki tambaya."

Kowa ya juya ya dubi Yaya Nazifi. Yana riƙe da igiyar shanu. Ya dubi bishiyoyin, ya dubi Malam, sannan ya ce:

"Har ranar da muka rasa na sayen dusa, masu gawayi suka zo da kuɗi a hannu?"

"Ai don ranar nake magana," in ji ta. "Sauran ranakun kowa ma zai iya."

Alhaji Sabo ya duba agogo. Sai Yaya Nazifi ya ce ya ɗauka. Ta ce ya maimaita da ƙarfi, kunnenta ɗaya ne mai aiki. Ya maimaita. A nan gindin gawon aka yi cinikin biyu, na ƙasa da na itace, aka raba goro, aka yi fatiha.

Aikin farko da aka yi a kwarin ba shinge ba ne. Laka aka kwaɓa da ɗanyen kashin shanu, Malam ya nuna wa Yaya yadda zai shafe gindin biyun nan da suka ƙone, ya naɗe da tsohon buhu don kada rana ta ƙarasa su. Bayan nan aka yi bukka, aka kafa turaku. Da ruwa ya sauka aka shuka wake da gyaɗa har ƙarƙashin gawon, tunda ya zubar da ganye ba ya tare rana. Yaya Nazifi ya koyi murza igiya, cinyarsa ta yi ja, yana mita yana yi. Bijimai huɗu ne yanzu a turke, ba irin na cikin wayarsa ba, kuma shi yake kwana da su.

Da damina ta ɗauke, gawon kwarin suka fara fitar da sabon ganye. Wanda ya ƙone gefe guda ya fitar. Ɗayan bai fitar ba. Malam ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar lauje ya ce ya tafi. Labari ya kai Durba, Gwaggo Tabawa ta aiko jikanta ya ce a sare busasshen a sassaƙa wa shanu komin cin abinci, kada masu gawayi su ci ribarsa. Malam ya ɗauko gatari ya miƙa wa Yaya Nazifi. Yaya ya ƙi karɓa. Ya ce shi a gaban mai unguwa ya yi alkawari, ba a bakin yaro za a warware shi ba.

Ya hau babur ya ɗauki mai unguwa har Durba, ni a baya don in yi sallama. Gwaggo ta fito zaure, ta saurare shi har ya gama, ta ce ta yarda a sare wannan ɗin, shi kaɗai. Ya ce ta ɗan ɗaga murya mai unguwa ya ji.

Ta ɗaga sandarta kamar za ta maka masa, sannan ta faɗa da ƙarfi har awakinta suka firgita.